Neman Gidan Gwaggo A Birnin Shehu

 Yau labarin wata tafiya da na yi zuwa Sakkwato zan ba ku, tafiyar da ban shirya mata ba, amma har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ita.

A cikin hunturun watan Janairun 2025 ne ciwon Babanmu ya yi tsanani. Wani dare bayan sallar isha'i ya sa aka kira ni da Yayana, ya ce mu ɗauko masa wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gado. Ya lalubo wani ambulan da ya yi ja saboda daɗewa, ya miƙa wa Yaya, ya ce, "Ku je Sakkwato ku nemo min ƙanwata. Ku ce mata na ce ta yafe min, ina son in gan ta."

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni dai na san muna da Gwaggo a Sakkwato, amma ban taɓa sa ta a ido ba. Tun 1999 suka ɓata da Baba a kan rabon gadon gidan mahaifiyarsu, kafin ma a haife ni, daga nan kowa ya kama gabansa. Babu lambar waya, babu hoto. Abin da ke jikin ambulan ɗin kawai sunan wani ɗan kasuwa ne da ake aiko wasiƙa ta hannunsa, sai lambar akwatin gidan waya. Sauran kwatancen kuwa a bakin Baba yake: wai in an shiga ta Ƙofar Rini, akwai wani lungu bayan masallaci, gida mai durumi a ƙofa, maigidan badukku ne.

Yaya ya ce shi kaɗai zai je. Umma ta ce, "Kai da ba ka shiga gidan matan aure, wa zai leƙa maka ciki? Tafi da ƙanwarka." Haka na samu shiga tafiyar.

Ƙarfe shida na safe motarmu ta tashi daga Kano, don hanyar ba ta son tafiyar yamma. Muka bi ta Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, Tsafe, muka ci abinci a tsaitsaye a Gusau. Tsakanin Tsafe da Talatar Mafara motar tsit ta yi, kowa da carbinsa, har mai surutun da ya dame mu tun daga tasha ya koma salati. Sai da muka wuce Tureta da Dange sannan aka fara dariya. Bayan la'asar muka shiga garin, hazo ya rufe sama, ƙura ta yi mana hoda kyauta.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne sunan abin hawa. Babur ɗin haya da muke ce wa acaɓa, su kabu-kabu suke cewa. Adaidaita sahu kuwa na ji ana kiranta agwagwa da buje. Ita muka hau zuwa Runjin Sambo, gidan su wani abokin Yaya da suka yi makaranta tare.

A hanya na zuba ido ina karanta allunan tituna, sai na ga ashe littafin tarihi ne aka shimfiɗa a ƙasa motoci suna bi ta kai. Ga titin Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Arewa da aka kashe ranar 15 ga Janairu, 1966. Ga titin Sultan Abubakar, wato Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya shekara 50 a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Akwai titin Abdullahi Fodiyo, ƙanen Shehu, da na Sarkin Gwandu Yahaya, da na Garba Nadama, gwamnan farar hula daga 1981 zuwa 1983, da na Garba Duba, gwamnan soja da ya zo bayansa. Wasu titunan kuma sunan inda suka nufa suke ɗauke da shi: titin Gusau, titin Birnin Kebbi, titin Kalambaina inda kamfanin siminti yake. Na ce a raina, ai garin da aka tsara haka, gobe kafin azahar mun samu Gwaggo. Ashe ban san komai ba.

Da dare mahaifin abokin Yaya, wani dattijo da ya yi aikin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, ya karɓi ambulan ɗin ya juya shi, ya yi murmushi. Ya ce da harshensu mai daɗi, "Ɗiyata, wanga ba adireshin gida ba na. Akwati na cikin gidan waya, mai makulli shika zuwa shi buɗe shi kwashe."

Na ce, "Baba, to ba ofishin da za a je a duba sunan mutum a ga gidansa?"

Nan ya gyara zama ya yi mana karatu, kuma ina so ku ma ku ji, don ni sai a ranar na sani. Ashe raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba aikin ƙaramar hukuma ne, haka yake rubuce a Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999. A jeri ɗaya yake da kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tsarin ƙananan hukumomin da muke da shi yanzu ya samo asali ne daga gyaran 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Yau akwai ƙananan hukumomi 774 a ƙasar nan, 23 daga ciki a Jihar Sakkwato. Birnin kansa kuma ba a hannun hukuma ɗaya yake ba. Akwai Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, sannan gari ya tumbatsa ya shiga ƙasar Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Sai ki hau agwagwa da buje ki ƙetare iyakar hukuma biyu ko uku ba ki sani ba, kowacce kuma da nata littafin.

Ya ce yadda abin ya kamata ya tafi shi ne, mutanen layi su haɗu su rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, kwamiti ya duba ko sunan ya dace kuma ba a riga an ba wani layin ba, a biya kuɗin da aka yanka, a rubuta a rajista, a kafa allo. Daga nan sai lamba: ana farawa daga bakin layi, 1, 3, 5 a hannu ɗaya, 2, 4, 6 a ɗaya hannun, yadda baƙo da ya ga lamba biyu zai san inda zai dosa. Wannan dabarar ba sabuwa ba ce, birnin Faris na Faransa tun 1805 ya ɗauke ta. Manyan titunan da gwamnatin jiha ta gina kuwa sau da yawa gwamna ne ke raɗa musu suna, shi ya sa suka fi samun allo. Lungunan talakawa su ne marayu. Kuma ya ce laifin ba na hukuma kaɗai ba ne: a jadawalin nan dai aka ba ƙaramar hukuma ikon ƙiyasta gidaje don karɓar haraji, shi ya sa wasu da sun ga mai fenti da buroshi ya doso ƙofarsu sai su ce maigidan ba ya nan.

Ya ƙare da cewa mu bar takarda mu kama bakin mutane, matambayi ba ya ɓata.

Washegari da hantsi muka shiga cikin gari. Muka fara da ziyara a Hubbaren Shehu, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun rasuwarsa a 1817. Mata sun fi yawa a wurin, wasu daga ƙauyuka masu nisa, wasu har daga Nijar. A nan ma 'yarsa Nana Asma'u take, wadda ta rasu a 1864, malamar da ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru. Na yi wa Baba addu'a har hawaye ya zubo min. Muka fito muka bi ta gaban fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Bello, ɗan Shehu, wanda ya kafa birnin a 1809.

A cikin tsohon garin nan na gane cewa mutanen da ma suna da nasu tsarin suna, ba su jira allon ƙarfe ba. Ganuwar dai gari ya cinye ta, amma ƙofofinta takwas suna nan a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Ku duba da kyau. Kware da Dundaye garuruwa ne da hanyar ke nufa. Atiku Sarkin Musulmi ne, wanda ya gaji ɗan uwansa Bello a 1837. Aliyu Jeɗo shi ne jagoran rundunar jihadi. Marke da taramniya kuwa itatuwa ne. Haka unguwanni: Giɗaɗawa ta zuriyar Waziri Giɗaɗo ce, mijin Nana Asma'u. Marina ta masu rini, Maƙerar Assada ta maƙera. Ga Gawon Nama, ga Rijiyar Ɗorawa, ga Giginya inda dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Mutum, sana'a, itace, rijiya, da su aka yi wa gari alama. Sunan unguwa ya kai ki unguwa, daga nan mai unguwa da tsofaffi su kai ki ƙofar gida.

Sai dai kash! Itace ba ya dawwama. Mun yi ta zagaye wajen Ƙofar Rini, masallatai sun fi a ƙirga, durumi kuwa ko ɗaya ba mu gani a ƙofar gida ba. Yaya ya tambayi wasu dukawa da ke ɗinkin fata a wani zaure, suna aikin jar fatar akuyar Sakkwato da ta yi suna har ƙasashen Turai. Da ya faɗi sunan mijin Gwaggo suka ce masu wannan sunan a cikin dukawa sun kai biyar, uku sun rasu. Suka haɗa mu da yaro ya kai mu wurin mai unguwa, shi kuma ya ce in shiga gidan wata tsohuwar ungozoma, wai babu matar da ta haihu a yankin ba da saninta ba.

Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta ce, "Ina kinka hito, ɗiyata? Wa kika biɗa?" Na faɗi sunan Gwaggo na yanka, ta girgiza kai. Na faɗi sunan mijinta, ta yi shiru. Sai na ce daga Kano aka auro ta. Tsohuwar nan ta tafa hannu ta ce, "Awo! Bakanuwa mai gurasa! Mi ya hana ki hwaɗi haka tun ɗazu?"

Kun ji fa. Shekara fiye da talatin a gari, sunan yankanta ya ɓace, Bakanuwa kowa ya sani. Durumin kuwa an sare shi tuntuni da za a yi kwalbati. Murnata ba ta je ko'ina ba, don ta ce mijin ya rasu, an sayar da gidan, Gwaggo ta koma wurin babban ɗanta a Mabera. Wane layi? Ta ce ita dai Mabera ta ji an ce.

Wanda bai san Mabera ba zai ɗauka unguwa ce da za a zagaye da ƙafa kafin la'asar. Gari ce guda. Gidaje sun haɗu da juna, layi ya shiga layi, kuma yawancin mutanen zuwa suka yi, wani daga cikin gari, wani daga Zamfara, wani daga Kabi, wani rashin tsaro ya koro shi daga ƙauye. A nan na ga inda gizo ke saƙar. A tsohon gari babu lamba amma akwai tsofaffin da suka san kowa. A manyan tituna ba a san kowa ba amma akwai allo. A sababbin unguwanni irin wannan kuwa, ba tsohuwa, ba allo. Kuma ba Sakkwato kaɗai ba, haka bayan garin Kano yake, haka na Katsina da Zariya.

Wani abin dariya, jikin gidajen cike yake da lambobi. Na ga ƙofa ɗaya mai rubutu kala uku. Har na yi murna, sai abokin Yaya ya ce wannan na alli masu allurar shan inna ne suka rubuta don su san gidan da suka shiga, wancan na masu wutar lantarki ne, na ukun kuma lambar fili ce tun lokacin da aka yanka fulotai. Kowa ya zo ya sa tasa don aikin gabansa ya tafi, babu wadda za ta kai baƙo gida. Kwatancen da ake yi mana kuwa sai ya sa mutum kuka: bayan taransifoma, gaban mai cajin waya, layin mai shayi. Muka je, mai shayin ya tashi tun bara. Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne.

Magariba ta yi mana a titi. Umma ta bugo waya ta ce Baba tun azahar yake tambaya ko mun same ta, ya ƙi cin komai. A daren nan ban runtsa ba. Ina ta tunani, yanzu da gobara ce ta tashi a ɗaya daga cikin layukan nan, ko mace ce naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, me za a ce wa direban motar asibiti? Bayan taransifoma? Lokacin da za a ɓata ana kwatance ai shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Da asuba wata dabara ta faɗo min. Kakarmu 'yar gurasa ce a cikin birnin Kano, a wurinta Gwaggo ta koya, kuma ungozoma ta ce har yanzu ba ta bari ba. Gurasa kuwa ba ta zama a ɗaki, sai an fita da ita. Na ce wa Yaya mu daina tambayar manya, mu nemi 'yan talla. Muka tsaya a bakin wata makarantar firamare lokacin tara, ga masu awara, ga masu ƙosai, ga masu ɗanwake. Can sai ga wata yarinya da tire an rufe da farin ƙyalle. Na saya na gutsira, ƙuli-ƙulin da yajin da man gyaɗan sak irin wanda Umma ke cewa na gidan su Baba ne. Na ce, "Ƙanwata, gurasar wa kike sayarwa?" Ta ce, "Ta Inna Bakanuwa ta."

Yaya ya saye tiren gaba ɗaya, ta shige gaba muna binta. Kwana bakwai muka yi a lissafina kafin mu kai, kuma wallahi jiya mun wuce ta bakin layin har sau biyu.

Na shiga da sallama. Wata dattijuwa tana zaune gaban tanderu, ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana kallona, sai abin da ke hannunta ya faɗi. Ta ce, "Innalillahi! Wannan ai fuskar Innarmu ce. 'Yar wace ce ke?" Na faɗi sunan Baba. Ta rungume ni tana kuka ina kuka, maƙwabta suka cika gidan.

Da na isar da saƙon Baba sai ta ce wani abu da ya fi komai taɓa ni. Ashe tun rasuwar mijinta ta huce. Sau biyu tana tura ɗanta Kano ya nemo mu. Ya je tsohon gidanmu na cikin birni aka ce mun tashi mun koma bayan gari, ya yini yana yawo a unguwar da aka kwatanta masa, ya koma bai same mu ba. Ita tana can tana cewa Yaya ya guje ta, shi yana nan yana cewa ta ƙi shi. Fushin na shekara kaɗan ne, sauran shekarun duk ɓatan hanya ne. Layinmu na Kano ma ashe ba shi da suna, ni ban taɓa lura ba sai ranar.

Yaya ya kira Umma aka kara wa Baba waya a kunne. Ba su iya cewa komai ba, daga "Yaya" sai "Na'am," sai kuka. Washegari da sassafe muka kamo hanya da ita. Ta yi jinyarsa kwana 19, ita ke ba shi kunu a baki, a gabanta Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

To 'yan uwana, ga abin da na ɗauko daga Sakkwato ban da kilishi da takalmin fata. Wasu ƙasashen sun yi nisa a wannan harkar, ko nan kusa Gana ta fito da adireshin zamani na waya a 2017, wanda ke ba kowane wuri lambarsa. Mu ma muna da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, ta Sakkwato da 840 take farawa, amma yanki take nunawa, ba ƙofar gida ba. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna da bakin tambayar kansila da ciyaman ina allon layinmu. Ku gaya wa iyayenku maza su haɗu da mai unguwa su rubuta takarda. In za a zaɓi suna kuma a zaɓi wanda mutanen layin suka yarda da shi, don sunan da aka ɗora wa mutane daga sama a allo yake tsayawa, baki ba ya ɗauka. Kuma don Allah a riƙa tunawa da mata. Ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ko malamar da ta karantar da matan aure shekara da shekaru, ba ta cancanci layi ɗaya ba?

Kafin hukuma ta motsa, ke ma da naki aikin. Samu ɗan littafi ki rubuta 'yan uwanku na nesa ɗaya bayan ɗaya: gari, unguwa, ƙaramar hukuma, masallaci ko makarantar da ke kusa, lambar waya biyu ba ɗaya ba, da sunan da aka fi sanin mutum da shi a unguwa. Ke amarya mai shirin tafiya wani gari, ranar da aka kai ki ki tabbata wani daga gidanku ya rubuta kwatance, in kun tashi kuma ki aika da sabo. In akwai wadda ake fushi da ita a dangi, kada a jira sai an kwanta ciwo, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Gwaggo ta koma Sakkwato bayan sadakar arba'in. Kafin ta tafi na sa ɗanta ya turo min alamar gidan ta waya, na kuma rubuta a littafina da biro, don waya tana ɓata. Ta ce in na tashi aure ita za ta yi gurasar biki, kuma a wannan karon ba sai na bi 'yar talla ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Zumunci dai a ƙafa yake. Na bar ku lafiya.